Ku Tambayi Tsohon Ɗan Wasa: Sandar Golf ta Tallan Talabijin, a Saya ko a Bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na fara buga golf bayan ritaya saboda likita ya ce in yawaita tafiya a ƙasa. Da na je ganin jikokina a Amurka, kusan kowane dare sai na ci karo da wani dogon talla a talabijin, rabin awa cur. Sanda ɗaya an ce za ta ƙara mini yadi 30 a bugun farko. Ɗayar mai faffaɗan gindi ce, an ce ko ɗan koyo zai fito da ƙwallo daga ramin yashi da bugu ɗaya. Kowacce dala 99, kuma wai in ba ta yi maka ba ka mayar cikin kwana 30 a ba ka kuɗinka. Ni kuwa matsalata ke nan guda biyu: ƙwallona kullum sai ta karkace dama, in kuma na faɗa yashi sai na yi bugu uku ban fito ba. Ɗana zai zo gida da salla, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. In sa shi ya sayo su? Daga wani dattijo a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya raya jikoki. Ta yadi 30 ɗin nan dai kada ka sa yaron ya wahala. Ta yashi kuwa sai mun zauna, domin amsarta tana ga irin yashin da kake faɗawa, ba tana ga sandar ba.

Bari in fara da maganar nisa. Hukumomi biyu ne ke tsara dokar golf a duniya: USGA ta Amurka, da R&A da ke St Andrews a ƙasar Sikotlan. Tun 1998 USGA ta sa iyaka kan yadda fuskar draiba, wato doguwar sandar bugun farko, za ta iya tsalle ta cilla ƙwallo, ta tsayar da ma'aunin a 0.83, daga baya R&A ta bi sahu. Girman kan draiba ma ba ya wuce santimita kubik 460. Manyan kamfanoni irin su Callaway da Titleist da Ping da TaylorMade, waɗanda ke da injiniyoyi da injin gwaji, tuni suka jingina da wannan bango. To ina wani ƙaramin kamfani mai sayarwa da tsakar dare zai samo yadi 30 da waɗannan suka kasa gani? Abu biyu ne kawai: ko dai sandar ta karya doka, ko kuma an kwatanta mafi kyawun bugu da ita da mafi munin bugu da tsohuwar sandar mutum.

Nisa daga gudun kan sanda yake zuwa. Matsakaicin ɗan wasa namiji yana kaɗa draiba da gudun mil 90 da 'yan kai a awa, ƙwararrun da kake gani a gasa suna haura 110. Kowane mil ɗaya da ka ƙara yana ba ka yadi biyu zuwa biyu da rabi. Lissafa da kanka, Alhaji: yadi 30 na bukatar ƙarin gudun mil goma sha biyu ko fiye. Wannan aikin kafaɗa da ƙugu ne, ba ya zuwa cikin kwali.

Amma ba zan ce duk abin da aka tallata a talabijin tarkace ba ne, don tarihi zai ƙaryata ni. Irin wannan dogon talla ya samu gindin zama a Amurka ne bayan 1984, lokacin da hukumar sadarwar ƙasar ta cire iyakar mintocin talla da tasha za ta iya sayarwa. Da aka buɗe tashar Golf Channel a 1995, wadda shahararren ɗan golf Arnold Palmer na cikin waɗanda suka kafa ta, sai masu ƙananan kamfanoni suka samu inda za su yi magana kai tsaye da 'yan golf ba tare da sun roƙi masu kanti ba. Cikinsu akwai wani mai kamfani a Texas, Barney Adams, wanda ya ƙera wata sanda mai suna Tight Lies. Kanta gajere ne daga sama zuwa ƙasa, nauyinsa ya taru a gindi, saboda haka tana ɗaga ƙwallo ko da ciyawar wurin ta ƙare. Tallan talabijin ne ya fito da ita, ta kuma karɓu ƙwarai, har kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1998. Da sandunan Adams Tom Watson ya kusa cin gasar Open ta Birtaniya a Turnberry a 2009 yana da shekara 59. A 2012 TaylorMade ta saye kamfanin kan kimanin dala miliyan 70. Har gobe in na ga tsohuwar Tight Lies a jakar wani a filinmu sai na ce masa ya riƙe ta da kyau, domin kamar don ƙasarmu ta rani aka yi ta.

Ka lura da abin da ya bambanta ta da sauran. Matsala ɗaya tak aka ce tana warwarewa, kuma da idonka za ka kalli siffarta ka gane dalili. Tallan da nake gudu shi ne mai kama da na mai maganin tasha da lasifikarsa, wanda kwalba ɗaya ke kashe basir da shawara da ciwon baya. In ka ji an ce sanda ɗaya tana ƙara nisa, tana miƙar da ƙwallo, tana shiga kowane irin ciyawa, kuma ba sai ka yi atisaye ba, to ka rage murya ka je ka kwanta.

Akwai wata 'yar gaskiya da ke ɓoye a cikin waɗannan sandunan na nisa, kuma ita ce za ta amfane ka. Ɗauki GX-7 da aka daɗe ana tallata ta: kwanciyar fuskarta digiri 14, tsawonta inci 43. Draibar zamani kuwa tana kai inci 45 ko fiye, fuskarta digiri 9 zuwa 10 da rabi. Gajeriyar sanda ta fi sauƙin sarrafawa, mutum ya fi samun tsakiyar fuska da ita. Fuskar da ta fi kwanciya kuma tana rage karkacewar ƙwallo gefe, tana ƙara mata tashi sama. Saboda haka dattijon da ya karɓi irin wannan sanda zai iya ganin ƙwallonsa ta fi miƙewa, wani lokaci har ta fi nisa, ya rantse cewa tallan gaskiya ne. To amma buɗe jakarka. Sandar katako mai lamba 3 da ke ciki, digiri 15 ce ko kusa da haka, tsawonta wajen inci 43. Abin da ake so a sayar maka da dala 99 yana bayan motarka. Ranar Asabar mai zuwa bar draiba a gida, ka buga dukkan bugun farko da lamba 3, ka ƙirga sau nawa ƙwallo ta sauka a kan hanya.

Karkacewar dama kuwa, ga mai bugu da hannun dama, sababinta ɗaya ne: a lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo, fuskarta tana kallon dama fiye da hanyar da sandar ke bi. Yawancin masu wannan ciwo suna riƙe sanda da hannun hagu a kwance ƙwarai, sannan don tsoron dama sai su juya jiki su fuskanci hagu, abin da ke ƙara dagula lamarin, don yanzu sandar tana yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki. Ka tsaya gaban madubi ka riƙe sanda. In ba ka ganin ƙullin yatsu biyu ko uku na bayan hannun hagunka, juya hannun kaɗan zuwa dama har sai ka gan su. Sauran gyaran aikin kocin kulob ne. Ku biyu, kwandon ƙwallaye, awa ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi. Kuɗin sanda ɗaya ta talla, in aka canza shi zuwa naira, zai biya maka zama da koci ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma mutumin yana kallon hannunka ne kai, ba hannun wani Ba'amurke a sitidiyo ba.

Yanzu mu zo yashi, inda na fi son mu daɗe. Sandar yashi kamar yadda muka san ta, Gene Sarazen ne ya shahara da ita. Ya ƙara dalma a ƙasan kan sanda yadda bayan gindin zai riga bakin taɓa ƙasa, ya ci gasar Open da ita a 1932. Hikimar ita ce sandar ta zame cikin yashi maimakon ta nutse. Masu tallan talabijin, tun daga Alien ta shekarun 1990 har zuwa XE1 da C3i na baya-bayan nan, wannan hikimar suka ɗauka suka ninka: gindi faffaɗa sosai, fuska kwance har digiri 65 a wasunsu, alhali sandar yashi ta yau da kullum 54 zuwa 56 ce. A yashi mai laushi mai zurfi, irin wanda ake sharewa kowace safiya a filayen Florida, abin yana aiki. Wannan ban musa ba. Mutumin da ke tsoron yashi, ya ba shi wannan sanda, ya ce masa doki bayan ƙwallo da ƙarfi, zai fito.

To kai wane yashi kake faɗawa? A yawancin filayenmu na arewa, daga Nuwamba zuwa Afrilu, abin da ke cikin ramin ɗan siririn yashi ne a kan jar ƙasa mai tauri. Da damina kuma ruwa ya daddaɓe shi ya zama kamar daɓe. Faffaɗan gindin da aka yi don ya zame a laushi, in ya haɗu da tauri tsalle yake yi, bakin sandar ya doki ƙwallo a ciki, ta tashi a miƙe ta haye rami ta faɗa can cikin itatuwa, in Allah ya kiyaye ba ta sami ƙafar wani ba. Na sha ganin haka da idona. Akwai wani abokin wasanmu da ya dawo daga tafiya da irin wannan sanda, ya yi ta yabonta a filin IBB na Abuja inda ake shayar da ciyawa, yashin kuma ana kula da shi. Da muka je wani fili mai burawun, wato inda kewayen rami ba ciyawa ba ce, a tsakiyar hunturu, kafin mu gama ramuka tara ya mayar da ita jaka, sauran wasan da ƙarfe mai lamba 8 ya ƙarasa.

Wannan lamba 8 ɗin ita ce maganar. A busasshiyar ƙasa, ƙwallon da ta yi sama sosai ba ta da tabbas, inda ta ga dama take tsalle in ta sauko. Gara ka gangaro da ita. Riƙe lamba 7 ko 8 a gajarce, ƙwallo kusa da ƙafar dama, ka buga kamar kana tura ta rami. Ba wasan matsorata ba ne: a 2004 a filin Royal Troon, Todd Hamilton da sandar haibirid, wadda ke tsakanin ta ƙarfe da ta katako, ya gangaro da ƙwallo daga wajen girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, a ramin ƙarshe na raba gardama, ya doke Ernie Els ya ɗauki kofin Open. Shi ya sa in dole sai an sayi wani abu daga talla, irin su Square Strike da tsohon ɗan wasa Andy North ya tallata, mai digiri 45 da ake bugawa kamar fota, sandar tura ƙwallo cikin rami, sun fi dacewa da ƙasarmu a kan masu digiri 65. Duk da haka aikin da take yi, lamba 9 ɗinka za ta yi shi.

Maganar mayar da kaya cikin kwana 30 kuwa, an rubuta ta ne don wanda gidan waya ke ƙofar gidansa a Amurka. Ɗanka zai saya, ta zauna a ɗakinsa har ranar tafiya, ta iso Kaduna, ka gwada ta sati biyu. Wa'adi ya wuce. Ko bai wuce ba, kuɗin aika doguwar sanda zuwa can ya isa ya sa ka haƙura. Ka ɗauka cewa duk abin da ya shigo jirgi ya zama naka har abada.

In kana son tsaraba mai amfani, ce masa ya kawo sandar yashi ta sanannen kamfani, digiri 56, mai matsakaicin gindi, ko da ta hannu ce, don a can kantunan golf cike suke da na hannu masu kyau. Ya haɗo da sababbin robobin mariƙi na dukkan sandunanka, domin zafinmu da ƙurar hunturu suna busar da roba ta yi santsi, kuma mariƙi mai santsi na sa mutum ya damƙe sanda da ƙarfi har fuska ta ƙi rufuwa. Sai safar hannu uku ko huɗu, da ƙwallaye dozin biyu.

TAMBAYA: Ni mace ce, shekarata ta biyu ke nan da fara golf a Abuja. Ina yawan ganin tallan kayan atisaye a talabijin da Facebook: wata sanda mai gaɓa a tsakiya da ke lanƙwashewa in ka yi kuskure, da wata mai laushi kamar bulala da ƙwallo a kanta, da wani ɗamara da ake ɗaure hannuwa da shi. Maigidana ya ce duk ɓarnar kuɗi ce. Gaskiyarsa ne?

AMSA: Hajiya, ki gaishe da maigida, amma ki ce masa rabin gaskiya ya faɗa. Na fi sassauci ga kayan atisaye a kan sandunan mu'ujiza, saboda waɗannan ko ba komai sun yarda cewa gyaran a jikinki yake.

Mai gaɓar nan Medicus ce, ta daɗe a kasuwa. In kika fizgi sanda da gaggawa ko kika murɗe wuyan hannu, sai gaɓar ta karye. Tana koyar da natsuwa a farkon ɗaga sanda. Aibinta shi ne ba ta gaya miki me kika yi ba daidai ba, karyewa kawai take yi, kuma mutum na iya koyon lallaɓa ta don kada ta karye, ya ƙare da lallausan bugu marar ƙarfi. Mai kama da bulala kuwa, irin Orange Whip, ita na fi so a cikin ukun. Nauyin kanta da laushin karanta suna tilasta miki jiran sanda ta gama hawa kafin ki sauko da ita, kuma tana da kyau wajen ɗumama jiki kafin a fara wasa. Ɗamarar hannu kuwa, tawul ɗin da ke rataye a jakarki zai yi aikinta: ki maƙale shi a hammata biyu, ki yi rabin bugu, kada ya faɗi.

Ga ƙa'idar da nake bi. Sai koci ya faɗa miki sunan matsalarki tukuna, sannan ki nemi abin da ke gyara wannan matsalar ita kaɗai. Wanda ya fara da sayen kaya sannan ya nemi ciwon da za su warkar, ɗakin ajiyarsa ne ke cika. Sannan ki tambayi kanki da gaske ko za ki ɗauki abin minti goma kullum har wata biyu. In amsar a'a ce, maigida ya yi nasara.

Kayan da ƙwararru suka fi amfani da su ma ba a tallata su, don babu riba a ciki. Siraran sanduna biyu da ake shimfiɗawa a ƙasa, ɗaya ta nuna inda ake nufi, ɗaya ta daidaita ƙafafu. Hodar ƙafa ta fesawa, a fesa a fuskar draiba, bugu ɗaya zai nuna miki daidai inda ƙwallo ta taɓa. Sai wayar da ke hannunki: ki ba kedi, mai ɗaukar miki jaka, ya ɗauke ki bidiyo daga baya da kuma daga gaba, ki kalla a hankali tare da koci. Yawancinmu abin da muke zaton jikinmu na yi daban, abin da yake yi daban, kuma gani ya kori ji.

Abu ɗaya ki kiyaye: doka ta 4.3 ta hana amfani da kayan atisayen bugu a tsakiyar zagayen gasa. Karon farko bugu biyu ne tara, na biyu kora. Ki yi ɗumin jikinki da bulalar kafin rami na farko, daga nan ta koma mota.

TAMBAYA: Ni kedi ne a Jos. Wani oga da nake ɗaukar wa jaka ya ba ni kyautar draiba, ya ce a talabijin ya gan ta ya saya a waje. Tana da nisa sosai. Zan iya shiga gasar kedi da ita?

AMSA: Ɗana, Allah ya saka wa ogan da alheri. Kafin ka yi murna da nisan, ka tuna a Jos kake, sama da mita 1,200 daga matakin teku, inda iska ba ta da kauri, ƙwallon kowa ma tana ƙara tafiya. 'Yan kulob ɗin golf na Rayfield sun san haka tun 1913.

Abin da za ka yi shi ne ka duba sunan da lambobin da ke ƙasan kan sandar, ka kai wa kocin kulob ko sakataren gasa, a duba cikin jerin draibobin da USGA da R&A suka amince da su. Jerin yana intanet, kyauta ne. Wasu sandunan talla da gangan aka ƙera su su wuce iyaka, kuma akan rubuta hakan da ƙananan haruffa. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba: a 2000 Callaway ta fitar da ERC II wadda USGA ba ta amince da ita ba, kuma Arnold Palmer ya sha suka da ya ce babu laifi masu wasan nishaɗi su yi amfani da ita. In taka irin wannan ce, yi wasan yamma da ita kai da abokanka, amma bugu ɗaya da ita a gasa kora ce.

In ta tsallake, sai ka cire wata sanda ka ba ta wuri, don jaka ba ta wuce 14. Kai da kake kedi ka fi kowa sanin wannan. A gasar Open ta 2001, Ian Woosnam yana cikin na gaba a ranar ƙarshe aka tarar da draiba biyu a jakarsa, sanduna 15, aka ci shi tarar bugu biyu tun a turken rami na biyu. Ka ƙirga taka da ta oga tun a wurin ajiye motoci.